Littafin Kaka Ma'aji: inda aiki ya kai

11 ga Janairu, 2025

Yau muka buɗe akwatin Kaka. Tun da aka binne ta a daminar bara yake ƙarƙashin gadonta a Wusasa, gefen Zariya, babu wanda ya taɓa shi, sai da dangi suka taru lokacin Kirsimeti aka yanke shawarar a yi mata littafi. Ni aka ɗora wa nauyin tattarawa, tunda ni ce jikar da ke zaune a Zariya. Kawu ne ya zo da makulli.

Akwatin ƙarfe ne irin na amaren da. A sama akwai zannuwan ƙungiya a ninke, shuɗi da fari na iyaye mata, da hular Birged, ƙungiyar 'yan mata ta coci. Ƙarƙashinsu katin baftisma, hotuna a cikin ambulan, da Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassarar nan ta 1932 wanda bangonsa ya rabu, ta ɗinke shi da zare. Abin da ya cika rabin akwatin kuwa littattafan lissafi ne, an ɗaure su da tsumman atamfa. Mafi tsufa ya fara daga 1958, na ƙarshe ya tsaya a 2016, lokacin da idonta ya daina ganin layi.

Takardar da aka raba ranar jana'iza ta ce ita uwa ce ga kowa, mai tsoron Allah, mai son zumunci. Duk gaskiya ne, amma za a iya cire sunanta a sa na wata, maganar ta zauna daram. Ni abin da nake so jikokinmu su gani shi ne me take yi ranar Talata da yamma, nawa ke hannunta, na wa ne, kuma yaya ta yi da shi. Ungozoma ce a asibitin mishan, ma'ajin ƙungiyar iyaye mata, uwar adashe, kyaftin ɗin Birged ta 'yan mata, tana cikin Red Cross da kwamitin iyaye da malamai, ga 'ya'ya bakwai. Da waɗannan littattafai zan bi sawunta.

26 ga Janairu

Bayan sujada na roƙi mai gadi ya buɗe mini tsohuwar majami'ar St. Bartholomew. A nan aka yi mata baftisma, a nan aka ɗaura aurenta. Ginin ƙasa ne na 1929, magina Hausawa suka yi shi da tubali da azara, rufin kuma bakan gizo irin na soron sarakuna. Da ka shiga sanyi zai tare ka ko da rana ta take. Dole hotonsa ya shiga babin farko.

Babin farkon kuwa ba zai yiwu ba sai da labarin garin. Likita Mila, wato Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905 da makarantarsa da ɗakin shan magani. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Su ne zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin nan da aka kashe a kasuwar Kano a ƙarni na 19 saboda wa'azinsa a kan Annabi Isa, mabiyansa suka watse har Ningi. An kafa musu ƙauye a Gimi, sai ciwon barci ya shiga ya yi musu mummunar ɓarna cikin 'yan shekaru. Mahaifin Kaka yana yaro aka fito da shi daga Gimi. Da mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena, a 1929, yana cikin masu ɗaukar ƙasar gini. An haife ta a 1934.

Na daɗe a kan wannan da gangan. Har yau idan na ce wa mutum ni Bahaushiya ce kuma Kirista, yakan sake tambaya ta ainihin ƙabilata. Kaka ba ta da wani harshe sai Hausa. Da shi ta yi addu'a, da shi ta yi faɗa, da shi ta rubuta kowane layi na lissafin nan.

15 ga Fabrairu

Na gama karanta littattafan adashe har zuwa 1975. Tsarinta bai canza ba: suna a hagu, zubin kowane mako a tsakiya, ranar kwasa a dama, sai wurin sa hannu. Mata ashirin da huɗu suka fara, sule biyu-biyu. Akwai matan malaman makaranta, matan ma'aikatan reluwe, masu tuyar ƙosai, masu saƙa, da 'yan kasuwar Sabon Gari. Ɗan abin nan da uwar adashe kan cira ladan ajiya, ita tana cira, amma tana rubuta shi a shafin baya da take kira "na ciwo da mutuwa". Daga nan ake sayen likkafani ko katakon akwati, daga nan ake biyan kuɗin mota idan haihuwa ta zo da gardama.

Wurin sa hannun ne ya fi tsayar da ni. A 1958 kusan duk dangwalen babban yatsa ne da shuɗin tawada. Zuwa 1963 sai ga sunaye sun fara bayyana, haruffa manya, a karkace, wata ta juya harafin "S" baya. Zamanin Yaƙi da Jahilci ke nan, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe azuzuwan manya, hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, kuma ta buga ƙananan littattafan koyon karatu a nan Zariya. Kaka ta karɓi aji ɗaya na mata a zauren gidansu. Mamata ta ce sharaɗin da ta kafa shi ne, duk wadda ta yi wata shida a aji ba za ta kwashi adashe da yatsa ba, sai ta rubuta sunanta ko da za a kai magariba ana jira. Wasu sun yi fushi sun fita. Yawancinsu sun zauna.

A shafin Janairun 1973 ta ja layi biyu da jan biro, ta rubuta da manyan baƙi: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kobo goma. Ta sake lissafa bashin kowa a sabon kuɗi, ta sa kowace ta sa hannu cewa ta yarda.

8 ga Maris

Wannan shigarwar za ta yi tsawo.

A littafin 1966 akwai sunayen mata uku 'yan ƙabilar Ibo, masu sayar da kaya a kasuwar Sabon Gari. Suna zubi ba fashi har ƙarshen Satumba. Daga nan layinsu babu komai. Kowa ya san abin da ya faru: tarzomar watan Mayu, sannan kashe-kashen ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, lokacin da tsofaffi ke kira zamanin araba, aka yi ta cika jiragen ƙasa da mutane zuwa Gabas. Dukansu uku ba su riga sun kwasa ba.

Kaka ba ta raba kuɗinsu ga sauran ba, ba ta kuma zuba shi a asusun ciwo da mutuwa ba. Ta buɗe shafi dabam ta rubuta "ajiya", da sunan kowace da abin da ta zuba. Duk sabon littafin da ta buɗe, wannan shafin take fara kwafewa: 1967, 1968, 1969, duk tsawon yaƙin basasa. A cikin waɗannan shekarun mijinta ya yi jinya, albashin ungozoma ba wani abin kirki ba ne, yara bakwai na cin tuwo. Adadin bai ragu da ko sisi ba.

An gama yaƙi a Janairun 1970. A 1971 biyu daga cikinsu suka dawo Zariya, ga sa hannunsu a gefen adadin, da kwanan wata. Ta ukun ba ta dawo ba. Nata fam huɗu da sule goma ne, a 1973 ya koma naira tara, haka ya yi ta tafiya daga littafi zuwa littafi har 1975, inda aka rubuta cewa ƙanenta ya zo da wasiƙar limamin cocinsu ya karɓa.

Na samu 'yar ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo, tana da shago a Sabon Gari, ita ma ta manyanta. Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Da na nuna mata hoton shafin a waya, ta daɗe tana kallon rubutun mahaifiyarta. Ta ce, "'Yata, da wannan kuɗin muka sayi buhun gishiri na farko. Gidanmu mun tarar da wasu a ciki, rumfarmu ta zama ta wani. Wannan kaɗai muka tarar yadda muka bar shi." Ta ba ni izinin sa maganar, ban da sunanta.

A lokacin nan shugaban ƙasa, Janar Yakubu Gowon, ɗan Wusasa ne, a nan ya tashi, mahaifinsa mai bishara ne na CMS. Shi ya yi shelar sulhu bayan yaƙi, kuma littattafan tarihi sun rubuta. A ganina shafin ajiyar nan ma sulhu ne, kuma shi zan sa a tsakiyar littafin, a buga hotonsa cikakke.

30 ga Maris

Yau abu biyu suka haɗu: Lahadin iyaye mata a cocin Angilika, da Ƙaramar Sallah. Da safe mata suka cika majami'a da shuɗi da fari, su suka yi karatu, su suka yi wa'azi, aka buga tulu da kacau-kacau har ƙasa na amsawa. Ƙungiyar iyaye matan, wato Mothers' Union, matar wani limami ce, Mary Sumner, ta kafa ta a Ingila a 1876, amma wanda ya ga yadda matan Wusasa suka riƙe ta zai ɗauka a nan aka haife ta. An ambaci sunan Kaka cikin waɗanda suka riga mu. Shekara talatin da ɗaya tana ma'aji.

Da yamma na kai gaisuwar Sallah Tudun Wada wurin Hajiya, ƙawarta ta adashe, wadda Kaka ta karɓi haihuwar 'ya'yanta biyar. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ce, "Ci, jikar Ma'aji, kakarki ba ta taɓa mayar mini da kwano ba komai a ciki ba."

Na tambaye ta Maris ɗin 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, aka ƙona majami'u da yawa a garin nan. Hajiya ta ajiye carbinta. Ta ce mako uku ba ta taka Wusasa ba. Ba tsoro ya hana ta ba, kunya ce, don ta san wasu daga cikin yaran da suka fita da fetur, ta san iyayensu. Ran nan sai ga yarinya da ɗan littafi, ta ce Mama ta ce a ba da zubin mako uku, kuma kwasar Hajiya ranar Alhamis ce, kada ta makara. "Ba ta aiko da gaisuwa ba, ba ta aiko da ƙorafi ba. Zubi ta aiko a karɓa. Na ɗaura mayafina na tafi."

Na duba littafin 1987 da na dawo. Makonni ukun suna nan, an cike su rana ɗaya da biro ɗaya.

12 ga Afrilu

An gama ɗaukar hoton littattafai har na 1990. Wani ɗalibi a Samaru ke taimaka mini da na'urar sikana, shafukan da suka yi laushi kuma da waya muke ɗauka don kada su yage. Gara ta ci gefen na 1979.

Abin lura daga wannan zangon: Afrilun 1984, da gwamnatin Janar Buhari ta canza launin takardun naira ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba, Kaka ta rubuta lambar kowace takarda da ta kai banki da wadda aka ba ta. Bayan 1986 kuma, zamanin SAP, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, zubi ya yi ta hawa, shafin ciwo da mutuwa ya yi ta ƙarewa kafin ƙarshen shekara.

26 ga Afrilu

Na je Kaduna wurin Inna, 'yar farin Kaka, yayar mamata. Motar da na shiga ta bi ta gaban asibitin Barau Dikko, na tuna cewa shi ma yana cikin babin farko. Dokta R.A.B. Dikko, wanda aka haifa a 1912, tarbiyyar makarantar Likita Mila ne, ya yi karatun likita a Birmingham, shi ne likitan zamani na farko daga Arewa. A 1948 yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi ne kuma shugabanta na farko, tun tana ƙungiyar tattaunawa da ke cewa za ta yaƙi jahilci da lalaci da zalunci. Da ta zama jam'iyyar siyasa a 1951 ya sauka, don shi ma'aikacin gwamnati ne. Ƙungiyarsu ta haifi NPC, jam'iyyar da ta mulki Arewa, shi kuma an sa wa asibiti sunansa, ya kuwa cancanta. Ƙungiyoyin mata na garin nan sun yi irin wannan yaƙin da jahilci a zaure da tsakar gida, nasu tarihin yana cikin akwatuna irin wanda muka buɗe. Ina roƙon duk mai irinsa a gida kada ya bari a kunna wuta da shi.

Hirar Inna ba ta zo yadda sauran suka zo ba. Na kunna rikoda, na ce, "Inna, ku ba ni labarin Kaka a gida." Ta ce, "A gida? Yaushe take gida?"

Ta ce tun tana shekara goma sha ɗaya ita ke tuƙa tuwon mutum tara. Talata taron iyaye mata, Alhamis adashe, Asabar faretin Birged, Lahadi coci tun safe har la'asar, dare kuma ko yaushe ana iya buga ƙofa a ce wata na naƙuda. Ita ta yi goyon ƙannenta huɗu, har da mamata. Da ta gama firamare ta ci jarrabawar shiga makarantar 'yan mata, aka ce ta dakata shekara ɗaya saboda jinyar Baba. Shekarar ba ta ƙare ba har aka yi mata aure. Ƙannenta duk sun yi karatu, biyu har Jami'ar Ahmadu Bello. "Gari ya samu uwa," in ji ta. "Ni na samu aiki."

Na zo da hoton wani shafi na 1970 da ban gane ba, na nuna mata. Kwasar Kaka ce ta kanta, a gefe ta rubuta: "Keken ɗinki Singer, na yarinyar nan." A duk littattafan, sunayen sauran 'ya'yanta suna fitowa, kuɗin makarantar wane, takalmin wance. Sunan Inna bai fito ko sau ɗaya ba, saboda alkunyar 'yar fari. Kaka ta yi shekara saba'in ba ta kira sunan nan ba, ko a takarda.

Inna ta sa tabarau ta karanta. Ta ce ita Baba aka ce mata ya saya. Da keken ta ciyar da nata 'ya'yan, yana nan a ɗakinta har yanzu. Sannan ta miƙo mini wayar ta ce, "Na gode da kika nuna mini. Amma keke bai zama makaranta ba. Ki rubuta duka biyun."

17 ga Mayu

Kawu bai yarda a sa maganar Inna ba. Ya kira ni ya ce littafin girmamawa ake yi, ba a tonon cikin gida a gaban jama'a, kuma wadda ake magana a kanta ba ta nan balle ta kare kanta. Na saurare shi har ya gama, don maganarsa tana da nauyi, shi ne kuma ya ɗauki rabin kuɗin bugu.

Na ce masa, "Kawu, ku gafarce ni. Matar da ta kwafe bashin fam huɗu shekara tara ba ta ɓoye ba, ba za ta so a yi mata lissafin da aka cire wani shafi ba." Duk awar da ta ba ƙungiya daga wani wuri aka ɗebo ta, kuma mun san daga inda aka ɗebo. Idan muka rubuta cewa ta riƙe coci da ƙungiyoyi da gida duka ba tare da kowa ya biya komai ba, mun yi wa 'yan matan da za su karanta ƙarya, mun kuma shafe Inna daga aikin da da ita aka yi shi.

Mamata ce ta raba gardamar. An tsaya a kan cewa babin zai shiga, Inna za ta karanta shi kafin kowa, abin da ta ce a cire za a cire. Sunanta kuma zai fito a shafin sadaukarwa tare da na Kaka. Kawu ya ce to, ba da daɗin rai ba, amma ya ce to.

21 ga Yuni

Babi biyar sun kammala cikin bakwai. Inna ta dawo da nata, ta cire jimla ɗaya da ta shafi Baba, ta ƙara sakin layi guda a kan yadda Kaka ta zo ta kwana arba'in a wurinta lokacin haihuwarta ta fari, ta ajiye taro da adashe duka a hannun mataimakiyarta. Na duba, gaskiya ne: makonni shida na 1974 da rubutun wata aka cike su.

Babin Birged ne ya rage, da na shekarunta na ƙarshe. Ina da hotunan fareti da yawa waɗanda ba a rubuta komai a bayansu ba. Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada zan shimfiɗa su a kan tebur a harabar coci, duk wadda ta gane kanta ko 'yar'uwarta ta faɗa mini shekara da wuri. Waɗanda suka yi Birged a Wusasa tsakanin 1965 da 1985 kuma suke nesa, a taimaka a sanar da su ta hannun 'yan'uwa.

Adashen yana nan bai mutu ba. Jikokin waɗanda suka fara ne ke yi yanzu, ta waya ake tura zubi, a WhatsApp ake sanar da mai kwasa. Ma'ajinsu ta yanzu ta zo ta ga littattafan, ta nemi kwafin shafin ciwo da mutuwa, ta ce su sun daina wannan tun tuni, za ta kai maganar taronsu na wata.

Na karɓo farashi daga maɗaba'a biyu, ɗaya a Zariya ɗaya a Kaduna. Takarda ta yi tsada, don haka hotuna masu launi za su tsaya a shafi takwas na tsakiya, sauran baƙi da fari. Kwafi ɗari biyu za mu fara bugawa: na dangi, na ƙungiyar iyaye mata, na ɗakin karatun makarantar St. Bartholomew, da guda biyu da na yi alkawari, ɗaya Tudun Wada ɗaya Sabon Gari. Ainihin littattafan lissafin kuma dangi za su zauna a watan Agusta su yanke inda za a ajiye su. Kafin nan na sa su cikin leda mai kauri da maganin gara, na ɗora a kan kabad saboda damshin damina.